Kwana Biyu A Wida, Garin Da Aka Yi Cinikin Mutum Miliyan Ɗaya

Daga wakilinmu a Kwadaso, Kumasi

Duk ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Kotono ko Legas ya kawo Gana ya san hanyar bakin teku kamar yunwar cikinsa: Aflawo, Lome, Aneho, Hilakonji, sannan Kotono. Amma ba kowa ne ya taɓa sa direba ya karya kwana ya shiga Wida ba, wato garin da Faransawa ke rubutawa Ouidah, wanda ke kimanin kilomita 40 kafin a isa Kotono. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa shekarun 1860, mutum fiye da miliyan ɗaya aka loda a jiragen ruwa daga wannan gari aka tsallaka da su teku a matsayin bayi. In ka ɗauke Luwanda ta ƙasar Angola, babu tashar da ta kai ta a duk Afirka. Kuma a cikin waɗanda aka sayar ɗin akwai Hausawa da dama.

Wannan ne ya sa ni da wasu 'yan albasa na nan Kwadaso, da wasu mata biyu masu sayar da atamfa, muka haɗa kuɗin mota muka ware ƙarshen mako guda don mu je mu gane wa idonmu, tunda an ce gani ya kori ji.

Yadda hanyar take

Mun tashi daga Kumasi ranar Juma'a bayan sallar lisha, muka yi asuba a Akra, hantsi ya same mu a iyakar Aflawo. Ɗan Gana ba ya bukatar biza a Togo ko Benin, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90, amma dole ya riƙe fasfo ko katin shaidarsa, da kuma katin rigakafin shawara. Faɗin Togo ta bakin teku bai wuce kilomita 50 da ɗoriya ba, saboda haka kafin azahar mun tsallaka Hilakonji. Wanda zai yi wannan tafiya ya canja sidinsa zuwa sefa tun a Aflawo, kuma ya tuna cewa agogon Benin ya riga na Gana da Togo da awa ɗaya, kada lokacin salla ya rikice masa.

Wida gari ne mai natsuwa, ba shi da hayaniyar Kejetiya ko ta Dantokpa. Tsofaffin gidajensa masu bene ɗaya da tagogin katako ginin Barazil ne. A tsakiyar gari akwai ɗakin tsafin mesa yana kallon babbar majami'ar Katolika, titi ne kawai ya raba su. Akwai kuma ganuwar Turawan Fotugal da aka gina a 1721, wadda suka riƙe ta har 1961, shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yanci, kuma da aka tilasta musu fita sai suka cinna mata wuta. Daga baya aka gyara ta aka mayar da ita gidan tarihi.

Kilomita huɗu zuwa teku

Abin da ya kawo mu shi ne hanyar da ake kira Hanyar Bayi, mai tsawon kimanin kilomita 4 daga cikin gari zuwa bakin ruwa. Mun ce wa direba ya jira mu, mun fi so mu taka da ƙafa.

Tana farawa ne daga dandalin Caca, kusa da gidan wani ɗan kasuwa haifaffen Barazil mai suna Francisco Félix de Souza. Shi ne ya taimaki Gezo ya hau gadon sarautar Dahome a 1818, sarkin kuma ya saka masa da ba shi ragamar cinikin bayi da Turawa, ya yi ta yi har ya mutu a 1849. Tun 1727, lokacin da Sarki Agaja ya ci wannan yanki da yaƙi, Wida ta zama ƙofar Dahome ta teku. Mai yi mana jagora ya ce a wannan dandali ake jera mutane, a duba haƙoransu da idanunsu da gaɓoɓinsu, a yi ciniki da taba da barasa da bindiga da yadi da wuri. Da ya zo nan sai wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi shekaru yana dillancin shanu kafin ya koma albasa, ya sunkuyar da kai, domin irin duban da ake yi wa sa a kara ke nan.

Gaba kaɗan akwai inda ake cewa Bishiyar Mantuwa take. Bisa ga abin da mutanen gari ke faɗa, namiji ana sa shi ya kewaye ta sau 9, mace sau 7, wai don su manta sunansu da garinsu. Sai wurin da ake kira Zomayi, ma'ana inda haske ba ya shiga, ɗakuna masu duhu da ake tsare mutane a ciki har jirgi ya iso. Kusa da nan akwai ginin tunawa da aka kafa a kan ramin da aka ce a ciki ake zuba waɗanda suka mutu kafin jirgin ya zo. A nan ne ɗaya daga cikin hajiyoyin da muke tare ta ce mu dakata mu yi addu'a, domin ba mu san Musulmi nawa ne aka tura cikin wannan rami babu wanka babu likkafani ba. Muka ɗaga hannu muka shafa.

Daga nan hanya ta ratsa fadama da gada, sai yashi, sai wata doguwar ƙofa mai fuskantar teku, wadda ake kira Ƙofar Da Ba A Dawowa. Gwamnatin Benin da hukumar UNESCO ne suka gina ta a 1995, shekara guda bayan an ƙaddamar da shirin Hanyar Bayi na hukumar a wannan gari. A saman ƙofar an zana layuka biyu na mutane ɗaure suna nufar jirgi. Tekun wurin yana da ƙarfin igiya, babu inda babban jirgi zai matso, don haka a kwale-kwale ake kai mutane. Ko a 1860, bayan Turai da Amurka sun daɗe da haramta cinikin, jirgin Clotilda ya ɗauki mutum 110 daga nan ya kai su jihar Alabama a ɓoye. Sai a 2019 aka tabbatar da gano ɓaraguzansa a wani kogi a can.

Ɗan Bakatsiniya a cikin jirgi

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa Bahaushe da teku? Amsa ita ce hanyar goro. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja ta cikin Borgu suke ratsowa, su yada zango a Jugu, arewacin Benin ta yau, kafin su ƙarasa Salaga. A wannan gari na Jugu aka haifi Mahommah Gardo Baquaqua, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, kuma danginsa 'yan kasuwa ne Musulmi. An yaudare shi aka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Wida, kuma a wajajen 1845 aka sa shi a jirgi zuwa Barazil. A 1847 ubangidansa ya tafi da shi birnin New York a jirgin da ke dakon kofi, a can ya tsere. A 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da suka bar bayani da bakinsu game da yadda cikin jirgin bayi yake, da ƙishirwar da ake sha, da gawawwakin da ake jefawa a ruwa.

Ba shi kaɗai ba ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa a hannun masu kamu, daga kowane ɓangare, aka yi ta gangarowa da su kudu zuwa Legas da Wida. Yawancinsu jihar Bahiya ta Barazil aka kai. A 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador, aka kuma yi wasu tashe-tashen a 1809 da 1814, duk da Hausawa a kan gaba. Mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan azumi, inda Musulmi kimanin 600, galibinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito cikin fararen riguna suka yi artabu da sojoji. An murƙushe su, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu masu rubutun Larabci.

Bayan wannan tawaye ne aka koro da yawa daga cikin 'yantattu zuwa gaɓar Afirka. A Benin ana kiran zuriyarsu Aguda, kuma wasunsu sun zauna a unguwar Maro ta Wida, inda muka yi sallar magariba. A Gana su ne Tabon na Jamestown a Akra, waɗanda ayarinsu ya sauka a wajajen 1836, kuma daga cikin zuriyarsu ne ɗan damben nan Azumah Nelson ya fito. Ashe ƙofar da aka ce ba a dawowa, akwai waɗanda Allah ya dawo da su.

Gaskiya ɗaya ce

Da dare, muna zaune a masauki, sai gardama ta kaure. Wani matashi a cikinmu ya ce duk laifin Bature ne. Dattijon nan ya ce masa, yaro, Bature a bakin ruwa yake zaune, wa ya kawo masa kayan daga Arewa?

Maganar tana da ɗaci, amma tana kan hanya. Turawa ne suka kawo jirage da bindiga da kuɗi, kuma gonakin rake da taba na can ƙetare su ne suka buɗe bakin da ba ya ƙoshi. Sai dai a kasuwar Salaga, inda kakanninmu suka yi arzikin goro, har da mutane ake bayarwa a karɓi goron, kuma rijiyoyin da bayi ke wanka a cikinsu suna nan har yau. A Paga, dab da iyakar Burkina Faso da wasunmu ke ratsawa kowane mako, akwai sansanin Pikworo, inda ramukan da aka sassaƙa a kan dutse don zuba wa bayi abinci suke nan ana gani. A shekarun 1880 da 1890, Babatu da mayaƙansa na Zabarma sun yi ta kame a ƙasar Gurunsi, kuma masu saye ba daga sama suka faɗo ba. Ko a wancan zamani akwai waɗanda abin ya dame su. Sayar da 'ya'yan Musulmi yana cikin abubuwan da malaman jihadi suka yi kuka da su, kuma a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Clapperton wasiƙa zuwa ga sarkin Ingila, inda ya nuna zai hana fatakensa kai bayi Dahome da Asante. Amma cinikin bai tsaya ba. Barazil ba ta rufe ƙofar shigo da bayi da gaske ba sai 1850, ba ta kuma soke bauta ba sai 1888.

Saboda haka Bahaushen da ya tsaya a gaban wannan ƙofa yana da dangi ta fuska biyu, akwai wanda aka ɗaure, akwai kuma wanda ya riƙe igiya.

Hanyar ba ta mutu ba

Abin da ya fi kamata 'yan kasuwar kan iyaka su riƙe shi ne, har yanzu ana safarar mutane a wannan hanya, salo ne kawai ya canja. A 2001, jirgin Etireno ya tashi daga Kotono zuwa Gabon, aka hana shi sauke mutane, ya yi kwanaki yana yawo a teku kafin ya komo, kuma a cikinsa aka sami yara da matasa kimanin 40 da za a kai aikatau. A Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna yadda ake gwanjon 'yan Afirka ta Yamma a Libiya. A nan gida kuma, kowa ya san labarin yaran da ake kaiwa kamun kifi a tafkin Volta, da 'yan matan da ake kwasa da sunan za a sama musu aiki a ƙasar waje, daga an tafi sai a karɓe musu fasfo.

Dillalan yau ba sa zuwa da sarƙa. Da sallama suke zuwa, su ba uwa ɗan abin cefane, su ce za su koya wa yaro sana'a. Wani lokaci kuma a tasha ake samun direba ko ɗan kasuwa, a ce don Allah Alhaji, ga yarinyar nan a tsallaka da ita, yayarta na jira a Lome, ga kuɗin mota har da na goro. Dokar hana safarar mutane ta Gana ta 2005 ba mai sayarwa kaɗai ta kama ba, har da wanda ya ɗauka ya kai da wanda ya ba da masauki da saninsa, kuma hukuncinta ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ne. Wanda aka ba shi yaron da bai san iyayensa ba, ya tambaya, ya nemi magana da uwar ko uban, in labarin bai haɗu ba ya sanar da sarkin tasha ko sarkin zango ko 'yan sanda. Tambaya ɗaya a bakin iyaka tana iya mayar da yaro gidansu.

Mun baro Wida ranar Lahadi bayan azahar, muka iso Kumasi da asubar Litinin, kowa ya kama rumfarsa. Ga wanda aljihunsa bai kai ga Benin ba, Elmina da Cape Coast da Assin Manso suna nan kusa, tafiyar yini ɗaya ce daga Kumasi, Salaga da Paga kuma suna kan hanyar masu zuwa Arewa. Ga masu saro kaya a Kotono kuwa, awa uku sun isa a taka Hanyar Bayi daga dandalin Caca zuwa bakin ruwa. Zai yi kyau ƙungiyoyin 'yan kasuwa da makarantun Islamiyya na zango su riƙa shirya irin wannan ziyara, a tafi da yara su ma su gani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka wuce ta wannan ƙofa, Ya kuma tsare mana zuriya, amin.