Idan Kare Ya Daina Kaɗa Wutsiya

A shekarar 2022, mujallar kimiyya ta Scientific Reports ta buga wani bincike da masana daga Jami'ar Milan ta ƙasar Italiya suka jagoranta. Sun tattara amsoshin mutum 426 da ke kiwon karnuka fiye da ɗaya, waɗanda ɗaya ya mutu ya bar ɗan'uwansa. Kashi 86 cikin ɗari sun ce wanda ya rage ya canza hali. Fiye da rabin karnukan sun rage wasa, kusan kashi ɗaya cikin uku sun rage cin abinci, mafi yawansu kuma sun ƙara neman kulawar ubangidansu.

Kare ba ya da bakin faɗin abin da ke cin ransa, don haka likitocin dabbobi halinsa suke karantawa. Wanda a da yake tarbar maigida da tsalle, yanzu sai ya lafe a lungu, kunnuwa a kwance, wutsiya a tsakanin cinyoyi, barci ba dare ba rana. Rashin abokin zama, sauyin gida, tafiyar wanda ya shaƙu da shi da yawan duka, duk suna jawo haka.

Amma babu abin da ke karya zuciyar kare kamar ya rasa mafita. A 1967, Martin Seligman da Steven Maier na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun yi wani gwaji mai ban tausayi: suka riƙa jona wa karnuka lantarki ba tare da hanyar tsira ba. Daga baya da aka ba su damar tsallake wani ɗan shinge su kuɓuta, da yawansu sai suka kwanta suna kuka, ko yunƙuri ba su yi ba. Sun riga sun saddaƙar. Wannan gwaji ne ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan fahimtar ciwon damuwa a jikin ɗan Adam. Duk wanda ya san karen gadi da ake ɗaurewa da sarƙa a bayan gida shekara da shekaru, ba yawo ba mai kula shi sai mai jefa masa ƙanzo, zai gane wannan kwanciyar. Mutane kan ce karen ya yi laushi ko ya zama rago, alhali cutar da shi aka yi.

Sai dai ba kowane shiru ne damuwa ba. Cututtukan da kaska ke yaɗawa, tsutsar ciki da ciwon gaɓoɓi na tsufa duk suna sa kasala. Ciwon haukan kare ma yana da nau'in da ba ya zuwa da cizo da haushi, sai sanyin jiki, dalalar da miyau da sakin muƙamuƙi. Kare mai wannan alama, kada kowa ya sa hannu a bakinsa; a killace shi, a kira likitan dabbobi.

Idan likita ya tabbatar jiki lafiya, maganin yawanci ba na kuɗi ba ne: fita yawo kullum, a bar shi ya shinshina abin da yake so, abinci a kan lokaci, da wasa. Inda abin ya yi tsanani akwai magani, domin tun 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Reconcile ga karnukan da ke firgita idan an bar su su kaɗai. Likita ne kawai zai rubuta shi. Kada a ɗauko maganin mutane a ba kare, domin ibuprofen kaɗai na iya lalata masa ciki da ƙoda.