Jos bayan baƙi sun watse: hutun bakin ruwa a garin da ba shi da teku

Ga yawancin ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke Abuja, Jos gari ne na taro. A Kuru ne Cibiyar Nazarin Manufofi da Tsare-tsare ta Ƙasa take tun 1979, hedikwatar Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu kuma tana cikin garin. Hadimi kan raka maigidansa, ya kwana biyu tsakanin zauren taro da otal, ya sayi buhun dankalin turawa a hanyar dawowa, shi ke nan ya ga Jos. Waɗansu kuma sai ƙarshen Disamba ko hutun Sallah suke zuwa, lokacin da otal-otal ke cika, wuraren shaƙatawa kuma ba masaka tsinke.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, hutun Dubai ya fi ƙarfin mai albashi, bakin tekun Legas ma sai wane da wane. Wannan ya sa ya dace a sake duban garin da ke tafiyar awa huɗu zuwa biyar daga Abuja. Jos ba ta da teku, amma tana da bakin ruwa iri-iri, kuma ta fi daɗin zama a makonnin da baƙi suka watse. Sharaɗin kawai shi ne mai ziyara ya san asalin ruwan da yake kallo, ya kuma san inda ya kamata ya tsaya.

Lokacin da ya fi dacewa

Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, abin da ya ba shi sanyin da Abuja ba ta da shi. Damina kan fara a Afrilu ta ɗauke a Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ke kankama, da dare sanyi ya ratsa ƙashi, hazo kuma ya lulluɓe duwatsu.

Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan makonni, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, da ba kowa ke lura da su ba. Ruwan sama ya janye amma ciyawa ba ta bushe ba, tafkuna suna cike, sararin sama garau. Yara suna makaranta, bukukuwan ƙarshen shekara ba su fara ba. Ma'aikacin da ya nemi hutunsa na shekara a wannan tsakanin ba zai yi gogayya da abokan ofis da kowa ke hangen Disamba ba, ba kuma zai yi layi a ƙofar wurin shaƙatawa ba.

Ruwan da kuza ta bari

Tudun Jos uwa ce ga koguna. Daga nan Kogin Kaduna da Kogin Gongola suke tasowa, Kogin Dilimi kuma ya ratsa tsakiyar gari ya nufi arewa. Sai dai yawancin tafkunan da baƙo ke gani a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi ba halittattu ba ne. Ramuka ne da haƙar kuza ta bari.

A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka soma haƙar kuza a tudun, suka jawo leburori daga Kano, Zariya, Bauchi da kudancin ƙasar. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914 domin kwasar ma'adinin, aka rufe shi a 1957. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Ingila ta rasa kuzar Malaya, an tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙa a cikin sanyin da ba su saba da shi ba, kuma da yawa ba su koma gida ba. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage na manyan ayyukan ya durƙushe, aka bar ɗaruruwan ramuka, ruwan sama ya cika su.

Wurin shaƙatawa na Rayfield, a Jos ta Kudu, a bakin irin wannan tafki aka gina shi. A ranakun aiki na Nuwamba mutum kan iya zama a bakin ruwan ba ya jin komai sai iska da kukan tsuntsaye. Kusa da nan akwai filin wasan golf na Rayfield, wanda aka kafa a 1913 a zamanin masu haƙar kuza, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan. A ƙauyuka kuwa ramukan sun zama rumbun noman rani. Da ruwansu ake ban-ruwan kabeji, karas, latas da tumatir, waɗanda ake lodawa daga kasuwar Farin Gada zuwa Abuja da sauran birane.

Amma kwanciyar ruwan na da yaudara. Ramin haƙa ba shi da gangare kamar bakin kogi. Taku kaɗan daga gaɓa ƙasa kan yanke, zurfin kuma ba ya ganuwa da ido. An sha rasa rayukan yara da ɗalibai da dabbobi a cikinsu. Tafkin kuza na kallo ne, ba na wanka ba, kuma wanda zai shiga kwale-kwale ya tabbata an ba shi rigar kariya kafin a tura.

Daga Hawan Kibo zuwa Shere

Mai tahowa ta Keffi da Akwanga zai fara gamuwa da ruwa tun kafin ya shiga gari. A gindin Hawan Kibo ne ruwan Assop ke zubowa daga kan duwatsu cikin kurmi, kuma a ƙarshen damina yake da ƙarfinsa. Bayan an gama hawan, kusa da garin Riyom, ga duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su.

A gabashin Jos akwai duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, da madatsar ruwa ta Lamingo a kusa da su. Da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi, wurin ya dace da mai son tafiyar ƙafa. A ƙaramar hukumar Barikin Ladi kuma akwai Kurra, inda kamfanin NESCO, da aka kafa a 1929, ya tare ruwa domin samar wa ma'adinan kuza wutar lantarki.

Wanda yake son fahimtar abin da ya gani a bakin tafki sai ya ba Gidan Tarihi na Jos rabin yini. An buɗe shi a 1952 bisa jagorancin Bernard Fagg, kuma a nan ake ajiye da sassaƙen yumɓu na al'adar Nok, waɗanda haƙar kuza ce ta fara tono su. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa zalla. Ranar da ba cunkoso, jami'in da ke zagayawa da baƙi yakan sami sukunin yin bayani a tsanake.

Shiru iri biyu

Ba kowane shiru ne na kwanciyar hankali ba. Jihar da ke wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ta sha rikici a 2001, 2008 da 2010, har unguwannin Jos da dama suka rabu bisa addini. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Waɗansu wuraren da baƙo zai tarar babu kowa, ba ƙarewar lokacin hutu ce ta watse su ba, tsoro ne.

Saboda haka akwai bambanci tsakanin cikin gari da bayansa. Rayfield, gidan tarihi da gandun namun daji da aka kafa a 1972 duk suna cikin birni ko gefensa. Kurra da ƙauyukan Riyom kuwa sai an tambayi mazauna gari halin da ake ciki a makon, a tafi da wanda ya san hanya, a dawo kafin la'asar sakaliya. Hanyar Akwanga ma ta rana ce. Wanda ba ya son doguwar tafiyar mota yana iya bincikar jiragen da ke sauka a filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang.

Zuwan baƙi a irin wannan lokaci yana da amfani ga garin kansa. Mai tuƙa kwale-kwale, mai sayar da gwaten acca, mai dukanci a Naraguta da manomin sitiroberi a yankin Vom ba za su rayu da cinikin mako biyun Disamba kaɗai ba. Ga ma'aikatan tarayya kuma akwai wani abin lura: ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya suke bisa tsarin mulki, don haka cike ramukan da aka bari ko killace su magana ce da takardunta ke bi ta ofisoshin Abuja. Jami'in da ya taɓa tsayawa a bakin ɗaya daga cikinsu, ya ga gonar kabeji a gefe guda da yara suna wasa a ɗaya gefen, ba zai karanta fayil ɗin kamar wanda bai taɓa zuwa ba. Gani ya kori ji.