Tsagar Gado a Jikin Ƙarfe: Yadda Ake Gane Asalin Tsohon Inji

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano ya ga tsofaffin injunan mota a jibge, baƙin mai da ƙura sun rufe su. Kwanan baya na raka wani ɗan'uwana direban akori-kura neman injin Peugeot 504. Kuɗin da ke aljihunsa tarin shekara guda ne, idan ya sayi wanda bai dace ba iyalinsa ne za su ji a jika. Tambayar da ya yi mini ita ce: ta yaya za a san inda inji ya fito, alhali ba ya magana?

Ni malamin ilmin halittu ne, ba bakanike ba, amma tambayar ba baƙuwa ba ce a fanninmu. Tun zamanin Carl Linnaeus, wanda ya tsara sunayen tsirrai a 1753, ƙa'idarmu ita ce a bambance alamar da ake gado da wadda ake tsinta a hanya. Haka kakanninmu suke duban tsagar fuska su gane Bagobiri ko Babarbare, ba su dogara da rigar da mutum ya sa ba. Inji ma yana da tsaga, yana kuma da riga.

Alamomi iri uku

Na farko su ne alamomin zubi. Gangar jikin inji, wato bulo, narkakken ƙarfe ne da aka zuba a cikin yashi, kamar yadda masu zubin tukwanen alminiyam suke yi. Saboda haka haruffan da suka taso sama, irin su tambarin kamfani da lambar zubi, tare da injin aka haife su, kuma ƙirƙirar na jabu yana da wuya ƙwarai.

Na biyu ita ce lambar inji, wadda ake bugawa da ƙarfe bayan an gama haɗi, shi ya sa take lotsawa ciki. Farkonta kan nuna dangin injin. Alal misali, a Volkswagen Beetle lambar tana ƙarƙashin mazaunin janareto, harafin D na nufin inji mai 1200, F mai 1300, H kuwa mai 1500. A wajen Mercedes, M na fetur ne, OM na gas. A dangin 504 kuwa, XM na da girman sisi 1796, XN na da 1971, XD kuma na gas ne. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin fistin ɗin wani ba ya shiga wani.

Na uku su ne rubuce-rubucen da ke jikin kafireta da dastabuta da makamantansu. Waɗannan su ne riga, ana cire su a sauya. Duk da haka suna da amfani: kayan Bosch da aka rubuta wa “W. Germany” sun fito ne daga zamanin da Jamus take rabe biyu, kafin haɗewarta a watan Oktoba na 1990.

Na Kaduna ne ko na Faransa?

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000. To amma a shekarun farko, sassan motar daga Faransa ake kawo su, har ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Ashe ke nan ganin sunan Faransa a jikin bulo ba ya nuna cewa injin gwanjon Turai ne. Yana iya zama ya ƙare rayuwarsa yana jigila tsakanin Kano da Zariya. Zubi na faɗin inda aka haifi inji ne, ba inda ya yi bauta ba.

Haka kuma kada a rikita lambar inji da lambar bodi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ta zama ruwan dare tun daga 1981. Ukun farkonta su ke nuna kamfani da ƙasa: VF3 Peugeot ce ta Faransa, WVW kuma Volkswagen ta Jamus. Ba a sa I da O da Q a ciki, don kada su yi kama da 1 da 0.

Idan an kankare lamba fa?

Ɓarawo kan goge lamba da dutsen washi, amma ƙarfe ba ya mantuwa. Lokacin bugu, ƙwayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin kowane harafi sun danne sun jirkita. Idan masu binciken laifi suka shafa asid mai haɗe da gishirin jan ƙarfe, wurin da ya jirkita yakan ci da sauri fiye da kewayensa, sai lambar ta bayyana na ɗan lokaci a ɗauki hotonta. Wannan aikin ƙwararru ne, ɗalibi kada ya gwada a gida.

Da muka wanke injin da kananzir, sai muka tarar dangin XN ne, haruffan lambarsa a jere suke, zurfinsu ɗaya, babu alamar washi. Muka sa aka rubuta lambar a rasit kafin a biya, domin ita ce hujja a gaban hukuma. Malamai na iya kai ɗalibai garejin unguwa da takarda da fensir, su shafo lambobi, su rarraba injunan dangi-dangi kamar yadda muke rarraba ganyaye a aji.