Kuɗin Talabijin a Wasannin Jami'o'i: Yadda Ake Tara Su da Yadda Ake Raba Su

KEFFI — A akasarin jami'o'in ƙasar nan, har da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wasanni fage ne na kashe kuɗi, ba na samu ba. Jami'a ce ke sayen riguna da ƙwallaye, ita ke gyaran fili, ita ce kuma ke ɗaukar nauyin 'yan wasanta idan za su tafi gasa. A Amurka kuwa, wasannin ɗalibai sun zama ciniki na dala miliyan dubbai, kuma babbar hajar da ake sayarwa ita ce iznin nuna wasa a talabijin.

Yadda cinikin yake shi ne, gidan talabijin ya biya kuɗi domin a ba shi damar nuna wasanni, shi kuma ya mayar da kuɗinsa daga masu talla da masu biyan kuɗin kallo. Sabili da haka farashin bai rataya ga ƙwarewar 'yan wasa kaɗai ba. Yawan idanun da za su kalla shi ne ma'auni. Da yake kuma jami'a ɗaya ba ta iya yin gasa da kanta, sai jami'o'i su haɗu cikin gamayya, su tsara wasanninsu tare, su sayar da iznin nunawa a dunƙule, sa'an nan su raba abin da aka samu.

Ba haka abin yake tun asali ba. Tun daga farkon shekarun 1950 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ita ke riƙe da iznin nuna ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, tana ƙayyade yawan wasannin da za a nuna. Jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka kai ƙara, kuma a 1984 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wannan tsari ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Daga nan ƙofa ta buɗe, kowace gamayya ta shiga neman mai saye da kanta.

Farashi ya yi ta hawa. A 2022 gamayyar Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da kamfanonin Fox da CBS da NBC a kan kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala miliyan dubu 7. Ita kuwa NCAA ta ci gaba da riƙe gasar ƙwallon kwando ta maza, wadda a 2010 ta sayar wa CBS da Turner iznin nuna ta na shekara 14 a kan dala miliyan dubu 10.8.

Tara kuɗin bai kai raba su wuya ba. Hanyoyi biyu ne aka fi bi. Ta farko ita ce raba-daidai, inda babbar jami'a da ƙarama ke karɓar kaso ɗaya, bisa hujjar cewa babba ba zai sami abokin karawa ba in ƙarami ya durƙushe. Ta biyu ita ce rabo gwargwadon ƙwazo ko farin jini. A gasar ƙwallon kwando, alal misali, kusan kowane wasa da jami'a ta buga yana samar wa gamayyarta wani kaso da ake biya a tsawon shekara 6.

Kowace hanya da irin haɗarinta. In an yi raba-daidai, manya na ƙorafin cewa su ke jawo masu kallo, wasu na cin guminsu. In an fifita manya, sai abin ya zama kashin dankali. Gamayyar Pac-12, wadda ta haura shekara 100 da kafuwa, ta kasa samun yarjejeniyar da za ta gamsar da membobinta, kuma ya zuwa 2024 jami'o'i 10 daga cikin 12 sun fice. Huɗu daga cikinsu suka koma Big Ten, inda biyu, wato Oregon da Washington, suka amince da karɓar kason da bai kai na tsofaffin membobi ba. A gamayyar ACC kuwa, sai da jami'o'in Florida State da Clemson suka je kotu kafin a sasanta a 2025, aka amince cewa wani ɓangare na kuɗin talabijin zai riƙa bin yawan masu kallon kowace jami'a.

Daɗin daɗawa, su kansu ɗaliban da ke zubar da gumi a fili sun nemi rabonsu. A watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya tanadi biyan diyyar kimanin dala miliyan dubu 2.8 cikin shekara 10, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

A nan gida, Ƙungiyar Wasannin Jami'o'in Nijeriya, NUGA, ta soma gasarta a Ibadan a 1966, amma har yanzu gudummawar jami'o'i da ta gwamnati da ta kamfanoni masu ɗaukar nauyi ce ƙashin bayanta. A 2018 aka ƙaddamar da gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, da tallafin bankin Stanbic IBTC, inda Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ta lashe kofin farko. Wannan yunƙuri ne na mayar da wasan ɗalibai hajar da za ta saidu.

Gasar ƙwararru ta ƙasa, wadda Nasarawa United da Kano Pillars suka daɗe suna bugawa, ta riga ta ɗanɗana zaƙi da ɗacin wannan ciniki. Kamfanin SuperSport ya nuna wasanninta na wasu shekaru kafin ya janye a 2017, kuma a 2023 aka ƙulla wata babbar yarjejeniya da StarTimes. Abin da wannan ya nuna shi ne, mai saye yana neman jadawalin da ba ya sauyawa, da fili mai kyan ɗauka, da tabbacin masu kallo. A ɓangaren jami'o'i, yajin aikin malamai, kamar na wata 8 a 2022, yana iya rushe jadawalin shekara guda.

Duk da haka jami'o'in ba su rasa jari ba. Keffi na dab da Abuja, inda kamfanoni da kafofin watsa labarai suke, kuma akwai jami'o'i a Lafiya da Jos da Makurdi da Abujar kanta waɗanda za a iya zuwa wasa a dawo ba tare da doguwar tafiya ba. Kowacce tana da dubban ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, su ne kuwa masu kallon da mai talla ke nema. Watsa wasa ta intanet ya kuma rage tsadar kai hoto ga jama'a.

Sai dai ga jami'ar jiha irin ta Keffi, wadda ba ta kai tsofaffi kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da yawan tsofaffin ɗalibai ba, ƙa'idar rabo ita ce rai. Nawa za a raba daidai, nawa zai bi nasara, nawa ne na ɗalibin da ya buga, kuma me mai ficewa zai biya? Jami'o'in Amurka sun amsa waɗannan tambayoyi ne a gaban alƙali, bayan kuɗi sun taru. Na Nijeriya suna da sararin rubuta amsarsu tun tukunyar ba ta hau wuta ba.