Kuka da Bege Bayan Madalla

Shirinmu na musamman a yau zai waiwayi Madalla, a ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja. A safiyar Kirsimeti, 25 ga Disamba 2011, bam ya tashi a ƙofar cocin Katolika na St. Theresa daidai lokacin da masu ibada ke fitowa, fiye da mutum 35 suka rasa rayukansu, Boko Haram kuma ta ɗauki alhaki. A irin wannan rana masu ta'aziyya kan yi gaggawar cewa a yi haƙuri, a share hawaye, ai sun tafi wurin Ubangiji. Niyyar mai kyau ce, amma gaggawar tana cutar da mamakoka, domin begen da Kirista ke riƙe da shi bai taɓa hana shi kuka ba.

Hujjar tana cikin kalandar cocin kanta. Washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, ranar tunawa da Istifanus ce, wanda aka jajjefe har lahira, kuma Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa waɗanda suka binne shi sun yi masa makoki mai tsanani. Ranar 28 kuma ta yaran Baitalami ce da Hirudus ya sa aka karkashe. Ke nan mutanen Madalla ba su gama gane gawawwakinsu ba, karatun ibadar makon ya riga ya zo musu da labarin iyaye mata masu kukan 'ya'yansu. Yesu Almasihu da kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari ga Tasalonikawa, baƙin ciki irin na wanda ya yanke ƙauna kawai ya hana. Wanda ya gaskata da tashin matattu ya gaskata cewa jikin da bam ya daddatsa yana da daraja a wurin Allah, saboda haka kukansa shaida ce a kan girman laifin da aka aikata.

Wani zai ce fada ko fasto yana kwantar da jama'a da wuri ne don gudun ramuwar gayya, kuma duk wanda ya san tarihin rikice-rikicen Jos da Kaduna ba zai raina wannan tsoro ba. Sai dai baƙin cikin da aka danne kamar miki ne da aka ɗaure ba a wanke ba, daga ciki yake ruɓewa. Matashin da aka hana shi kuka a coci zai sami mai saurarensa a wani wuri, kuma mai sauraren ba lallai ne ya so zaman lafiya ba. Zabura cike take da koke-koken masu tambayar Allah dalilin jinkirinsa. Wannan ƙofa ce da aka buɗe wa fushi don kada ya bi ta gidan maƙwabci, wanda sau da yawa shi ma yana da nasa mamatan: a Nuwamban 2014 an kashe fiye da mutum 100 a Babban Masallacin Kano.

Wani kuma zai ce zancen lahira yana sa talaka ya ƙyale hukuma. Amma gafarar da matar da aka kashe mijinta ta yi a zuciyarta ba ta rufe shari'a, domin koyarwar Kirista ta ɗora wa mahukunta nauyin hukunta mai laifi. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai a Disamban 2013 a shari'ar da ta shafi harin Madalla, bayan ya taɓa tserewa daga hannun 'yan sanda. Amma kisan cocin St. Francis da ke Owo, a ranar Fentikos, 5 ga Yuni 2022, sai a 2025 aka gurfanar da waɗanda ake zargi, iyalan mamatan kuwa suna jira duk tsawon wannan lokaci.

Don haka shugabannin coci, ku bar mamakoka su yi kukansu, ku riƙa kiran sunayen mamatan kowace shekara, ku kuma bi sawun shari'arsu har ranar hukunci.