Daga Kwarin Binuwai Zuwa Tsaunukan Duniyar Mars

Lokacin da kumbon Amurka mai suna Mariner 9 ya fara kewaya duniyar Mars a watan Nuwamban 1971, ƙura ya tarar ta lulluɓe ko'ina. Sai da ta lafa sannan hotuna suka bayyana wani kwari mai tsawon kusan kilomita 4,000, zurfinsa a wasu wurare ya kai kilomita 7. Kogin Binuwai kaf ɗinsa, daga Kamaru har Lokoja, bai wuce kilomita 1,400 ba.

Yawancin masana sun fi karkata ga cewa wannan kwari, Valles Marineris, ƙasa ce ta tsage, tsakiyarta ta nutse. Mutumin Jimeta kuwa cikin irin wannan tsaga yake kwana yake tashi, domin kwarin Binuwai ya samu ne sa'ad da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Yashin da ruwa ya tara a cikinsa shi ya daskare ya zama dutse, irin na Bagale da ake hangowa daga gadar Jimeta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a Mars shi ne tsaunuka masu kai a baje kamar faifai, gefensu a tsaye, da suka cika yankin Deuteronilus Mensae. Dā shimfiɗa ɗaya ce. Inda saman ƙasa ke da tauri ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa, inda yake da laushi zaizaya ta cinye, sai aka bar tsaunuka tsaitsaye, kwaruruka a tsakani. Kumbon Mars Reconnaissance Orbiter, da ke kewayawa tun 2006, yana iya tantance abin da bai kai mita ɗaya ba daga nisan kilomita kusan 300. Na'urarsa ta rada ta gano ƙanƙara mai kauri binne a gindin waɗannan tsaunuka, baraguzan dutse sun rufe ta. Duk wanda zai je can wata rana, ruwan shansa ke nan.

Hotunan da kumbon ya ɗauka kyauta suke a intanet. Abin takaici ne yaro ya haddace zaizayar ƙasa a allo alhali bai taɓa ganin yadda take daga sama ba. Malaman makarantun Jimeta, ku buɗe wa ɗalibai hotunan a waya, sannan ku kai su Bagale su taɓa dutsen da hannunsu.