Dokin Kara Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana malamai da fatake, ga kaka ta yi, an yanke dawa, yara sun hau dokin kara. Na ga waɗansu iyaye suna karya musu shi, wai shashanci ne. Ni ma dā na yi haka ga almajiraina ƙanana, yanzu kuwa na bari.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya komo daga yaƙin Tabuka ko Haibara, sai ya ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasan Nana A'isha. Ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya, bai hana ba. Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi gargaɗi cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa bayan karatu yana dushe masa basira.

To, ku duba abin da yaro ke samu. Da hannunsa yake tanƙwara kan karan, ya ɗaura linzamin rama, yatsun nan kuwa su ne za su riƙe alƙalami gobe. Sukuwa tana ƙarfafa ƙafa. Bakinsa yana buɗewa, ya san sirdi da likkafa, ya bambanta kili da akawal. In suka shirya hawan Sallah, wannan Sarki, wancan Madaki, dole dogari ya tsaya har Sarki ya motsa. Nan ake koyon haƙuri da bin na gaba.

Mafi girma duka, yaro ya sani sarai kara ba doki ba ne, amma ya aje shi a matsayin doki. Da wannan hankali ne zai gane cewa baƙin da aka rubuta a allo yana tsaye a madadin sautin da ke fita daga baki.

Saboda haka, kai bafatake, kafin ka miƙa wa ɗan shekara 4 wayar hannu don ya yi shiru, ba shi kara da igiya. Kai kuma malam, ranar Alhamis ka sake su. Sai dai a kankare kaifin karan, a nisanta su daga hanyar mota.

Allah Ya shirya mana zuriya. Haza wasalam.